Yaron da giya ta taɓa tun yana ciki: wane taimako ake samu a Gombe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina riƙon ɗan ƙanwata mai shekara 7, wanda likita ya ce giyar da mahaifiyarsa ta sha tana ɗauke da cikinsa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Idan na aike shi sayen gishiri da ashana, da ɗaya yake dawowa, wani lokaci kuma ya tsaya a bakin shago yana kuka. An tura mu wurin jami'an jin daɗin jama'a, to me za su iya yi mana?

Wata jami'a: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ki ladan zumunci. Giya tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, kuma lahanin ba ya warkewa, amma taimakon da aka fara da wuri yana kawo sauƙi ƙwarai. Aikinmu shi ne mu ziyarci gida, mu haɗa ku da likitan yara, kamar a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sannan mu zauna da malaminsa domin a daina ɗaukar mantuwarsa a matsayin taurin kai. Ki riƙa ba shi aike ɗaya a lokaci guda, kada kuma lokacin cin abincinsa da barcinsa ya riƙa sauyawa.

Wani malamin firamare: Yawancin waɗannan yara ba a ganin alamar komai a fuskarsu, shi ya sa suke shan bulala a banza, abin da ke damuna matuƙa.

Wata ungozoma: Hajiya, a ja mahaifiyar a jiki ba tare da gori ba, domin tsangwama tana hana mata zuwa awon ciki. Burkutu ma giya ce, kuma babu adadin da aka tabbatar ba ya cutar da ciki.