Yara da waƙar dabbobin da babu su: neman shawara

Malamar Islamiyya, Makka:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina karantar da 'ya'yan Hausawa a wata ƙaramar makaranta da ke wajen Shari'ul Mansur, kuma mafi yawansu a nan aka haife su, suna jin Hausa sarai amma da Larabci suke mayar da amsa. Domin in sake musu baki, na ce kowa ya tsara 'yar waƙa da Hausa a kan dabbar da yake so a ce yana kiwo a gida. Na zaci kyanwa da tattabara da zomo za su kawo, sai ga shi wani ya zo da bushiya, wani da hawainiya, wata yarinya kuwa da raƙumin da bai fi tafin hannu ba:

Ina da raƙumi ɗan ƙarami,
Yana kwana cikin takalmi,
Ba ya son abinci mai tsami,
In ya ji tsawa sai ya faɗa rami.

Waƙar ta faranta mini rai, amma mahaifin wani yaro ya nuna damuwarsa cewa ana koya wa yara faɗin abin da babu shi. Shin wannan yana cikin ƙarya? In kuwa ba ya ciki, ta wace hanya zan bi waƙoƙin su ƙara kyau?

Wani dattijo, unguwar Misfala a Makka:

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Damuwar wannan mahaifi ta mai kishin tarbiyya ce, kada a raina ta, sai dai a ganina ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Ƙarya ita ce mutum ya ba da labari yana nufin a gaskata shi alhali ya san ba haka ba ne, yarinyar nan kuwa ta san babu raƙumi a takalminta, ke kin sani, duk ajin sun sani, babu wanda aka yaudara. Haka muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, ana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku" domin kowa ya san an shiga duniyar tatsuniya, kuma iyayenmu masu tsoron Allah ne suke ba mu ita.

Game da yaro da dabbarsa kuwa, akwai abin koyi a hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito. Anas yana da ƙane, Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi: "Ya Aba Umair, ma fa'alan nugair?" Wato, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Ki lura da yadda ƙarshen sassan biyu suka amsa juna, da kuma yadda aka ɗauki shaƙuwar ƙaramin yaro da tsuntsunsa a matsayin abin da ya cancanci a tsaya a tambaya. Shawarata ita ce a karanta wa mahaifin waƙar ɗansa a gabansa, cikin girmamawa.

Mai nazarin waƙa, Jidda:

Baba ya gama da tambaya ta farko, ni zan taɓa ta biyu. Malama, yarinyar nan ta gano amsa-amo da kanta, domin ɗangwayenta huɗu, wato layukan waƙar, duk sun ƙare da "mi", kuma baitin ya fito ƙwar huɗu, wato mai layi huɗu, ba tare da an koya mata sunan ba. Abin da ya rage shi ne kari, wato daidaiton awon layukan: ɗango na ƙarshe ya fi sauran tsawo, kuma za ta ji haka da kunnenta idan aka rera ana tafi, kamar yadda 'yan mata suke yi a gaɗa. Kada a kawo musu ma'aunan aruli na waƙar Larabci irin su mutaƙarab da rajaz tukuna, ko da yake rubutacciyar waƙar Hausa ta daɗe tana amfani da su. Tafi ya wadatar a wannan shekarun.

Abin da na fi so in jaddada shi ne cewa dabbar ƙirƙira tana yin kyau ne idan yaro ya fara ƙura wa ta gaske ido. Ƙasar nan cike take da su. Akwai dabbu na sahara, mai kama da damo, wanda jelarsa take da ƙaya zobe-zobe, yana cin ganye, yana haƙa rami mai zurfi, kuma jikinsa yana yin haske idan ya sha hantsi. Akwai birran da ke zaune a kan duwatsun hanyar Hada idan za a hau Ɗa'ifa, waɗanda yara da yawa suka gani ta tagar mota. Hawainiyar duwatsun Asir kuwa kowane ido nata yana juyawa shi kaɗai. Yaron da ya lura da wannan, ya ce hawainiyarsa tana karatu da ido ɗaya tana gadin takalman masallaci da ɗayan, ya yi waƙar da babu wanda zai iya yi masa ita. Abu guda da ba zai yiwu ba ya isa a kowace waƙa, sauran duk su zama gaskiyar halittar dabbar. Sannan a ba su kirari su ji yadda magabata suke taƙaita hali a kalmomi kaɗan: damo sarkin haƙuri, dila malamin daji. Kowane yaro ya yi wa tasa dabbar kirari, shi ne zai zama amshi.

Wata kaka 'yar Mai Wurno, mazauniyar Madina:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Garinmu yana ƙasar Sudan, a gaɓar Nilu kusa da Sinnar, waɗanda suka yi hijira daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 ne suka kafa shi, kuma duk da Larabcin da ya kewaye mu, kura da gizo na tatsuniya da waƙoƙin da ke cikinta suna daga abubuwan da suka riƙe mana harshe. Saboda haka ina goyon bayanki. Roƙona biyu ne. Idan yaro ya sa kalmar Larabci a waƙarsa, kada ki tsayar da shi a tsakiya. Ki bari ya kai ƙarshe, daga baya ki tambayi ajin ko akwai wanda ya ji kakarsa tana faɗin ta da Hausa. Na biyu, wanda ya yi wa bushiya waƙa zai so a kamo masa ita, to a gaya masa cewa da dare take yawo tana cin ƙwari, kwali ba wurin zamanta ba ne, kuma ku da kuke Makka kun san ba a farautar namun Harami, ba a kuma firgita su.

Malamar Islamiyya, Makka:

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya da Malam. Zan gayyaci mahaifin ranar da za a rera waƙoƙin, kuma mako mai zuwa za mu fara da kirari. Malam, idan kana da wasu kirarin dabbobi da suka dace da yara 'yan shekara 7 zuwa 10, ina roƙon ka rubuto su a nan.