Wace kalma za mu ba ƙaramar na'urar da ke bayan gejin tsohuwar mota?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalma da ta gagare ni a makon jiya, lokacin da nake ƙoƙarin rubuta bayanin gyaran tsohuwar Land Rover ɗinmu ƙirar 1968. An cire mata dainamo, wato tsohuwar na'urar cajin batir, an sa altaneta a madadinsa, an sake wasu wayoyi da suka tsufa, sai ga shi da aka tayar da ita allurar gejin zafi ta haye sama kamar injin zai tafasa, gejin mai kuma yana nuna tanki ya kusa cika alhali man da ke ciki bai kai rabi ba. Na ɗora hannu a kan lagireto, ko ɗumi bai gama yi ba.

Da mai rewaya ya sake kwance dashbod, sai ya nuna mini wani ɗan akwatin ƙarfe wanda bai kai kwalin ashana ba, yana reto a jikin wayoyinsa domin an manta a ɗaure shi da bodi. Kamfanin Smiths na Ingila, wanda ya ƙera gejin motocin ƙasar da dama, ya tsara waɗannan geji biyu su yi aiki da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 10, kuma wannan akwati ne ke rage musu wutar batir. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da aka naɗe da waya. Idan ya ɗauki zafi sai ya lanƙwashe ya yanke wuta, idan ya huce ya sake haɗawa, haka yake ta yi har matsakaicin abin da ke isa ga geji ya zama bolt 10. To da yake ta jikin bodi wutar wayar nan ke komawa batir, rashin ɗaure shi ya sa bai taɓa yankewa ba, geji biyun suka sha dukkan bolt 14 da sabuwar altaneta ke bayarwa. Ƙusa ɗaya aka ɗaure, allurai suka koma mazauninsu.

Mai rewayar ya kira shi sitabilaiza, kuma ban ga laifinsa ba, tunda haka Turawa ke kiransa. Sai dai duk Bahaushen da ya ji wannan kalma, abin da zai faɗo masa a rai shi ne na'urar da ake jona wa firji, wadda ke ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, alhali wannan akwati ragewa kawai ya iya. Wani abokina ya ce a kira shi mai daidaita wuta, amma wannan suna ya fi dacewa da regiletar altaneta, wadda ke daidaita wutar cajin batir, kuma haɗa su a suna ɗaya zai sa mai koyo ya je yana kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Na so in ce maƙyafci, saboda yadda yake ƙyafta wuta, har wanda ya gwada shi da mita zai ga lamba tana tsalle ya ɗauka ya lalace. Na janye ne saboda na zamani da ake maye gurbinsa da su ba sa ƙyaftawa, bolt 10 suke bayarwa a tsaye.

Abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne linzamin geji. Linzami ba ya ƙara wa doki ƙarfi, riƙe shi yake yi kada ya wuce inda ake so, kuma ranar da ya kwance daga bodi alluranmu biyu zabura suka yi tare. Ina roƙon masu rewaya da ke nan, musamman waɗanda suka daɗe suna taɓa tsoffin motocin Ingila, su gaya mana ko akwai sunan da iyayen gidansu suka riga suka ba shi a gareji, domin idan akwai, shi zan rubuta in ajiye nawa.