Tansiyo ta hau, sukari ya kusa, ga tumbi: ta ina zan fara?

Telan Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a Tawa, shekaruna 46, tun safe har la'asar ina zaune kan keke. Ciwon kai ya matsa mini na je asibiti. Tansiyo 14/9, sukari da safe ban ci komi ba 1,12, likita ya zagaya cikina da mita ya samu santimita 104. Ya ce ciwon sukari bai kama ni ba tukuna, amma haɗuwar abubuwan nan ita ake kira sindrom metabolik, ya rubuta mini awon kitsen jini. Mahaifina ciwon sukari ne ya ci ƙafarsa kafin Allah ya yi masa rasuwa, shi ya sa hankalina ya tashi. Don Allah mai sani ya fahimtar da ni. Shayin fada fa, sai na bari?

Majo daga Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba. Abu biyar muke dubawa, in uku sun haɗu shi ke nan: faɗin ciki (94 ga namiji, 80 ga mace), tansiyo daga 13/8,5, sukarin safe daga gram 1,00, kitsen da ake kira tirigiliserid daga 1,50, sai kolestarol mai amfani in ya gaza 0,40 ga namiji, 0,50 ga mace. Kai ka riga ka cika uku. Ciwon sukari sai awo ya kai 1,26, ka ga kana bakin ƙofa, ba ka shiga ba.

Tushensu ɗaya ne, kitsen da ya taru cikin ciki kewaye da hanta da hanji. Shi ke hana jiki jin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini zuwa sassan jiki, sai sukari ya tsaya a jini, jijiyoyi su yi ta wahala, ƙarshe zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke ɓata mini rai, har yau mutanenmu in suka ga tumbi cewa suke wane ya samu. A irin matsayinka, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana sauko da sukari da tansiyo tare. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati. Ajiye babur, taka zuwa shago da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Shayi ba laifin ganyen ba ne, sukarin ne. Kofi uku safe, uku dare, ka lissafa.

Hajiya Mai Dambu:
Ɗana, maganar nan sai da uwargida, don ita ke riƙe da tukunya. Maigidana haka aka ce masa. Na rage magi da gishiri, na ƙara daddawa, man miya na raba shi biyu. Da dare dambun zogale ko wake maimakon shinkafa tuli. Fura a dama da nono ba sukari. Farko ya yi ta ƙorafi, yanzu ya saba.

Ɗan Adar:
Ni dai jiƙon tafarnuwa da sassaƙe nake sha, ban ga amfanin ƙwaya ba. A gwada.

Majo daga Yamai:
Ɗan uwa, tafarnuwa a miya ba matsala. Amma sassaƙen da ba a san yawansa ba yana iya taɓa ƙoda, mun sha karɓar irinsu. Wanda likita ya ɗora kan maganin tansiyo kada ya tsayar don ya ji sauƙi, hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama.

Telan Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na karanta wa uwargida saƙonki, ta amince. Majo, awon kitsen nan ana yinsa bayan an karya?

Majo daga Yamai:
A'a, kada ka karya. Daga abincin dare sai ruwa kaɗai, kamar awa 12, ko shayi kada ka sha. Bayan wata uku ka sake awon sukarin, mitar dai kana da ita a shago, ka riƙa auna cikin daidai cibiya kana rubutawa.