Tambaya kan ƙarin ƙashi kafin dashen haƙori

Assalamu alaikum, masana lafiyar haƙori. Likita ya ba ni shawarar dashen haƙori, kuma na fahimci sassansa 3: ƙusar titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, mahaɗin da ke kanta, da haƙorin da ake gani a sama. Na kuma gane cewa ƙashi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙusar sosai.

Abin da ya shige mini duhu shi ne ƙarin ƙashi, domin an ce nawa ya zaizaye saboda giɓin ya daɗe. Shin rana ɗaya ake yin ƙarin da dasa ƙusar, ko sai wurin ya warke tukuna? Don Allah ku fayyace mini, domin lamarin yana damuna ƙwarai.