Baƙin gilashi ne ke tare zafin mota, ko kuwa?

Direban Sharon, Gumel: Jama'a, Afrilu ta shigo, fasinjan gefen taga har mayafi yake rufa wa hannunsa kafin mu isa Maigatari. Leda baƙa ƙirin zan sa. Iya duhun gilashi, iya sanyin mota.

Malamin kimiyya: Yaya, duhu daban, tare zafi daban. Kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne ta wani haske da ido ba ya gani, wato infrared. Leda mai araha rini ce kawai. Tana rage hasken da kake gani, amma mafi yawan wancan yana ratsawa abinsa.

Direban Sharon: Malam, ni jikina ne ma'aunina. Na shiga mota mai duhu, na ji bambanci.

Malamin kimiyya: Ban musa ba. Hasken da ake gani ma zafi ne, ka rage shi. Amma taɓa gilashin da azahar. Ya sha zafin, yana kuma amayo wani a cikin motar.

Mai sa gilashi, Ringim: Oga, duba gilashin motarka na asali, za ka ga ya ɗan yi kore-kore. Sinadarin ƙarfe aka zuba tun a kamfani don ya shanye zafi. A kusurwa akwai tambari: AS1 ko AS2 na nufin aƙalla kashi 70 na haske yana wucewa. Masu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano su sayi na araha bayan nasu ya fashe, su ne ke dawowa suna cewa motar ta koma tanda. Akwai kuma ledar siramik, garau take, ta fi baƙar aiki. Sai dai tsada. Baƙar nan damina biyu ta yi kumfa, ta koma shuɗi-shuɗi.

Baba, tsohon direba: Yarana, kun manta da shinge. Dokar hana gilashi mai duhu tun 1991 take, sai da takardar izinin 'yan sanda. Kuma da dare, shanu na tsallaka titi, da me za ka hango su?

Direban Sharon: Baba, ai na baya kaɗai zan rufe.

Mai sa gilashi: Zafin da ke gasa ka ta na gaba ya fi shigowa, shi ya fi faɗi, ga shi a kishingiɗe. In ka faka, nemi gindin darbejiya, ka ɗora kwali.

Direban Sharon: A tashar tamu darbejiya ɗaya ce, shugaba ya riga kowa. Siramik ɗin nawa kake sa wa ƙofofi huɗu?