Mahaifina ya san abu amma sunansa ya ƙi fitowa: shin akwai horon da ke taimakawa?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a gefen dama, sanadiyyar hawan jini. Ƙafarsa ta fara dawowa da gashin da ake yi masa a asibiti, amma maganarsa ce ta tsaya mana a rai. Idan yana son buta sai ya yi ta cewa "abin nan, abin nan", wani lokaci kuma ya kira cokali da sunan wuƙa, alhali yana fahimtar yawancin abin da muke faɗa, kuma yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tare da sarƙewa ba. Wasu 'yan uwa sun ce ruɗewar tsufa ce, wasu sun ce sammu. Ina roƙon masu sani su yi mana bayani.

Mai Gyaran Magana:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da larurar da likitoci ke kira afeshiya, wato matsalar sarrafa kalmomi da magana bayan rauni a ƙwaƙwalwa, kuma tana samun kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane shi ne mazaunin magana, shi ya sa matsalolin biyu kan zo tare. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", duk da cewa yana fahimtar masu yi masa magana. Fatihar da Baba ke karantawa ba abin mamaki ba ce, domin abin da baki ya haddace ya saba da shi, kamar ƙirga da gaisuwa da addu'a, yakan tsira ko da lalubo sunan abu ya gagara.

Sau da yawa kalmar tana nan, hanyar isa gare ta ce ta toshe, kuma aikinmu shi ne sake share wannan hanya. Mukan ajiye hoton abu, mu tambayi majinyacin a ina ake ajiye shi, me ake yi da shi, da me aka ƙera shi, saboda zagaya ma'anar kan taso da sunan. Idan bai fito ba, sai a ba shi jimlar da zai ƙarasa, kamar "za a yi alwala, a kawo...", idan hakan ma bai isa ba sai a ba shi sautin farko, "bu...", daga ƙarshe a faɗi kalmar ya maimaita. Ku sani cewa kalmomin da aka yi atisaye a kansu su ne suka fi dawowa, don haka ku zaɓi ashirin da yake buƙata kullum, kamar sunayen jikoki da magani da masallaci, kuma a yi da harshen da ya fi amfani da shi a gida.

Maman Ummi:
Ɗana, na yi jinyar mijina shekara biyu a kan wannan larura, kuma kuskuren da na daɗe ina yi shi ne saurin ƙarasa masa magana don tausayi, har ya daina ƙoƙari. Sai dai ba na goyon bayan a mayar da kowace hira darasi. Mun keɓe minti goma sha biyar safe da yamma don atisaye da hotunan kayan gidanmu da muka ɗauka a waya. A sauran lokaci, idan ya nuna da hannu muka gane, sai mu ba shi abin da yake so. Ku kashe rediyo idan yana magana, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana, kuma kada kowa ya yi masa muryar da ake yi wa yaro, domin hankalinsa da girmansa suna nan.

Mai Gyaran Magana:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa sauƙi ya fi sauri a wata shida na farko, amma ana ci gaba da samunsa bayan shekaru idan ba a bar atisaye ba. Ku nemi likitansa ya tura ku wurin masanin gyaran magana a asibitin koyarwa mafi kusa, ku kuma shaida masa idan Baba ya fara ƙin abinci ko gudun mutane, domin ciwon damuwa ya yawaita ga masu wannan larura. Kada a yi wasa da maganin hawan jini.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren nan zan zauna da mahaifiyarmu mu rubuta kalmomi ashirin ɗin, domin ita ta fi sanin abin da yake yawan nema, kuma zan tambayi likita batun turawar a ranar da za mu koma.