Tambaya a kan wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a jihar Maryland

Tsohon Malami, Daura:
Assalamu alaikum. 'Yata da mijinta suna zaune a Baltimore ta ƙasar Amurka, kuma sun gayyace ni da mai ɗakina mu kai musu ziyara a watan Yuli. Surukin nawa ya ce zai kai mu wani wuri a tsibirin Kent, inda ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa a jikin gadar katako, mutane su fito su ci abinci suna kallon ruwa. Da na matsa masa da tambaya, sai ya ce mutanen can mashaya suke kiran irin wurin, ko da yake iyalai ne suka fi cika shi da rana. Ban so in gwale yaron ba, domin na san girmama mu yake son yi, amma kalmar ta tsaya mini a rai. Ina roƙon wanda ya san wurin ya bayyana mini yadda yake.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Baba. Na yi karatu a yankin, kuma na je irin waɗannan wurare. Ruwan shi ne mashigin Chesapeake, inda koguna suke haɗuwa da tekun Atilantika, kuma tsawonsa ya kai kilomita 320. Daga Baltimore za ku bi ta gefen Annapolis, babban birnin jihar, ku hau gadar da aka buɗe a 1952, mai tsawon kusan kilomita 7, ku sauka a tsibirin.

Dalilin cikar wuraren a wannan lokaci shi ne sanyi yana tsare mutane a gida watanni da dama, har ana fitar da jirage daga ruwa a lulluɓe su a tudu, wasu wuraren ma su rufe gaba ɗaya. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, wato lokacin da mu muke cikin damina, kowa yana neman ya fanshe. Mai jirgi ya tuƙo da iyalinsa, ya jefa wa yaron wurin igiya ya ɗaure masa, su hau su zauna ƙarƙashin rumfa. Abincin da aka san su da shi kaguwa ce. Ana shimfiɗa takarda a kan tebur, a juye kaguwar da aka turara da gishiri da yaji mai suna Old Bay, a ba kowa 'yar guduma ta katako ya riƙa fasawa yana ci da hannu. A nan ne kaɗai na ga Bature ya ajiye cokali ya ɓata yatsunsa kamar mai cin tuwo.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Baba: ana sayar da giya, kuma idan yamma ta yi, musamman Asabar da Lahadi, ana kiɗa, jama'a su yi yawa, shigar mutane kuma ta lokacin zafi ce.

Ɗalibin Ilimi, Unguwar Alƙali:
Allah ya gafarta Malam, abu biyu ne a nan. Kaguwa ba ta da matsala a mazhabarmu ta Malikiyya, domin dabbobin ruwa halal ne bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi. Abin da ya fi nauyi shi ne hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wasu malamai sun tsaya a kan teburin mutum kansa, wasu kuma sun faɗaɗa hanin ga wurin da aka san shi da shaye-shaye. A ganina, wurin da masu shi da bakinsu suka kira mashaya, dattijo kamar Malam ya fi ƙarfin a gan shi a ciki, ko da ruwa kawai zai sha.

Hajiya 'Yar Kasuwa, Katsina:
Malam, akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ya fi damuna. Masu dafa kaguwa da yawa a can suna zuba giya a ruwan turarawa tare da ruwan tsami, don haka dole ne surukinka ya tambaya kafin a kawo. Ni ƙanwata ce ta faɗa mini bayan na riga na kai loma ɗaya baki, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Shawarata ita ce kada ka hana yaron abin da ya yi niyya, ka dai canza masa fasali. Akwai shagunan da suke sayar da kaguwa a tafi da ita, kuma daf da babbar gadar da Injiniya ya ambata akwai filin shaƙatawa na gwamnati mai suna Sandy Point, da yashi da tebura a bakin ruwa. Ku shimfiɗa tabarmarku, ku kalli jirage suna wucewa, ku yi La'asar a nan cikin natsuwa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8:30 na dare a Yuli. Idan kuma ya ce zai sa ku a jirgi, ka tabbata ku duka kun sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ku dawo kafin duhu, domin hukumar tsaron gaɓar ruwan Amurka ta sha bayyana cewa giya ce kan gaba wajen haddasa haɗurran jirage masu kisa.

Tsohon Malami, Daura:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na kira surukin nawa jiya bayan Isha'i na karanta masa bayanin Hajiya, kuma ya yi murna, ya ce ya san filin, shi ma kunya ce ta hana shi faɗa mini cewa wurin farko bai kwanta masa sosai ba. Mai ɗakina dai ta ce ita ba za ta ci kaguwa ba ko da wa ya dafa, za ta tafi da kilishinta da yajin daddawa. Injiniya, shin ana barin mutum ya shiga Amurka da kilishi?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Baba, a bar kilishin a Daura, domin jami'an kwastan ɗinsu ba sa barin a shiga da nama daga Najeriya, ko busasshe ne. Yajin kuma ta rubuta shi a takardar shiga ta nuna musu idan sun tambaya.